Tsakanin Akosombo da Akwatin Zaɓe

Mu mutanen zango a Ghana mun gaji zamani biyu. Na farko zamanin injuna ne, na biyu zamanin ƙuri'a, kuma har yau ba mu ga sun kwana ɗaki ɗaya ba.

Da aka samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah ya ƙuduri aniyar mayar da ƙasa mai sayar da ɗanyen koko ƙasa mai ƙera kayanta. Aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, aka datse kogin Volta a Akosombo domin samar da lantarki. Iyayenmu suka gangaro daga arewa suka yi leburanci da dako da gadi. An tsara Tema unguwa-unguwa domin ma'aikata, amma leburorin da ba su samu gurbi ba sai suka kafa bukkoki a Ashaiman, wadda yau ta zama gari mai zaman kansa. Albashin ƙarshen wata ya sa yaran zango da dama makarantar boko, ya kuma zaunar da Bahaushe da Ashanti da Ewe a ƙungiyar ƙwadago ɗaya.

Sai dai ba a shan zuma sai an sha harbi. Ruwan madatsar ya tashi mutum kusan 80,000 daga gidajensu. Kamfanin Valco na Amurkawa ya kwashi kaso mai tsoka na wutar da araha, yana narka alminiyam da garin da ake shigowa da shi daga waje, alhali ga ma'adinin nan kwance a Awaso. Wa zai buɗe baki ya yi tambaya? Tun 1958 akwai dokar tsare mutum ba shari'a, a 1964 kuma ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya. An ƙaddamar da madatsar a Janairun 1966; ranar 24 ga Fabrairu soja suka kifar da mai ginin. Masana'antun gwamnati da dama suka zama marayu, domin tun farko ba a bar talaka ya ji nasa ne ba.

Zamani na biyu ya zo da tsarin mulkin 1992. A Janairun 2001 Rawlings ya miƙa mulki ga Kufuor na jam'iyyar adawa, aka sake irin haka a 2009 da 2017 da 2025 ba tare da ƙarar bindiga ba. Wannan abin alfahari ne. Amma a shekarun ɗauke wuta da ake kira dumsor, mun ga teloli da masu walda a Nima zaune hannu a haɓa. Atamfar waje ta cika kasuwa, masaƙunmu suka rage ma'aikata, samarinmu suka koma kan babur.

Iyayenmu sun samu aiki an hana su magana. Mu mun samu bakin magana, aikin ya yi ƙaranci. To, mu yi amfani da abin da ke hannunmu. Duk ɗan takarar da ya shigo zango da buhun shinkafa, mu tambaye shi: wace masana'anta, da wace wuta, yaranmu nawa za ta ɗauka, kuma wa zai ga takardar yarjejeniyar kafin a sa hannu?