Zagayen Nassarawa: Gidan Baƙi Ba Makunni a Bango

Makon nan za mu fita ta Ƙofar Nassarawa, mu bar ganuwa a bayanmu, mu shiga unguwar nan da a ke kira Nassarawa GRA, watau wurin da gwamnati ta keɓe wa manyan ma'aikatanta tun zamanin Turawa.

Unguwa ce mai tarihi ƙwarai. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka yi mazauni a bayan gari. A nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Gidansa na ƙasa yana nan har yau, ana zuwa kallo. Nan ne Gidan Gwamnati ya ke, inda Sarki kan je Hawan Nassarawa da Salla. Ga kuma gidan Sarki na Nassarawa, inda aka rufe marigayi Alhaji Ado Bayero a 2014. In kin bi ta Sultan Road ko Alu Avenue ko Lamido Crescent da hantsi, sai ki ga tituna masu faɗi, da inuwar darbejiya da maɗaci da mangwaro, ba hayaniya irin ta Kurmi ko Kantin Kwari.

Amma fa zamani riga ne. Manyan filayen da dā gida ɗaya ke tsakiyarsu, yanzu da yawa an yanka su an tā da benaye. Cikin benayen nan akwai waɗanda a ke bayarwa haya ta kwanaki kaɗan, da gado da firji da tukwane, kome a shirye. Masu saukarsu su ne 'yan biki, da masu zuwa hutun Salla daga Legas ko Abuja, da 'yan kasuwar Maraɗi, da masu jinya a asibitin Nassarawa. Irin wannan haya ta bunƙasa a duniya bayan an kafa kamfanin Airbnb a Amurka a 2008.

To, ga sabon yayi ya shigo wa masu gini. Wai a yi ɗaki ba makunni ko ɗaya a bango. Fitila da fanka da na'urar sanyaya ɗaki duka a haɗa su da wayar hannu, ko da wata 'yar na'ura mai jin magana, irin Alexa da ta fito a 2014. Wasu fitilun kuwa da kansu su ke kamawa in mutum ya shigo, domin akwai abin da ke jin motsin jikinsa.

Masu son haka suna da hujja. Baƙo kan fita ya bar na'urar sanyi tana aiki yini guda, ga wuta ta yi tsada. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ya kai Naira 225 kowane ma'auni. In an haɗa kayan da waya, uwargida tana zaune a Gwale sai ta kashe na'urar ɗakin da ba kowa. Kuma an rage fasa bango da jan waya.

Sai dai kafin ki sa kuɗin adashenki ko gadonki cikin irin wannan gini, ki yi tunanin wanda zai kwana a ciki. A ce Hajiya ce tsohuwa ta zo bikin jikarta, ta farka da asuba za ta yi alwala, ta lalubi bango ba ta sami kome ba. Wayarta ƙarama ce. Na'urar magana kuwa ba ta jin Hausa. In ta zame a banɗaki cikin duhu, wa ya jawo? Hausawa sun ce baƙonka annabinka.

Har wa yau akwai halin wutarmu. Yawancin ƙwan fitilar nan na zamani, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai su kama gaba ɗaya, ko da tsakar dare ne, sai fa in an gyara musu tsari tun farko. Mai jin motsi kuma, in mutum ya zauna shiru yana lazimi ko karatu, sai ya zaci ba kowa, ya kashe fitila. Wasu kayan ba su aiki sai da intanet, sai kuma kamfaninsu na raye. A watan Afrilu 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Insteon ya rufe ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari wayarsu ba ta sarrafa kome.

Saboda haka ga shawara biyar ga mai niyya.

Na fari, kowane ɗaki a sa masa maɓalli a bakin ƙofa da gefen gado. Akwai wanda a ke mannawa ba tare da fasa bango ba. Wani da ɗan batir ya ke aiki, wani kuwa dannawar yatsa kaɗai ta ishe shi ƙarfin aika saƙo. A manna shi sosai, don abin da ke yawo a hannu yara kan ɓatar.

Na biyu, ki tambayi mai haɗa kayan, "In intanet ya yanke, fitila za ta kama?" In ya ce a'a, ki nemi wani iri. Akwai masu magana da junansu a cikin gida kawai, irin su Zigbee.

Na uku, akwatin da ke sarrafa su a ɗora shi kan batir ko sola, don kada ya mutu kafin a tā da janareta.

Na huɗu, mai jin motsi a bar shi a baranda da matakala da zaure. Kada a sa shi ɗakin kwana. Na'urar sanyi ita ce ta cancanci a sa mata lokacin kashe kanta, don ita ke cinye kuɗi.

Na biyar, sirrin baƙo amana ne. Kada a ajiye abin da ke sauraren magana inda mace ke kwana, balle kyamara. Ko Airbnb ma ya hana kyamarar tsaro a cikin gidajen hayarsa tun ƙarshen Afrilu 2024. Sa'an nan a rubuta bayani gajere da Hausa da Turanci a liƙa bayan ƙofa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura. Aikin nan lissafi ne da kimiyya, ana koyar da ilmin lantarki a Jami'ar Bayero, ba a kuwa hana mace ba. Wadda ta san inda uwa ke miƙa hannu cikin dare in yaro ya yi kuka, ita ta fi sanin inda ya kamata maɓalli ya zauna.

Wadda ta sami zuwa Nassarawa, ta tsaya ta ga gidan Ɗan Hausa. Kaurin bangonsa da tsawon rufinsa su ke sanyaya shi, tun ba a san fanka ba. Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya ba mu baƙi na alheri, ya ba mu ikon sauke su da mutunci, amin. Sai mako mai zuwa.