Kafin Ka Kawo Teku Jibiya

Ɗana, mahaifiyarka ta ce kuɗin da ka tara bana kana son ka zuba su a akwatin gilashi, ka cika shi da ruwan gishiri, ka sa murjani mai rai a ciki, irin wanda kake kallo a waya. Ta roƙe ni in hana ka. Ba zan hana ka ba, don guminka ne, kuma sha'awar kallon halittar Allah ba aibu ba ce. Sai dai na yi shekaru a Jidda ina wanke irin waɗannan akwatuna a shagon wani mai sayar da kifin ado, don haka ka ba ni aron hankalinka.

Murjanin da kakarka take ɗaurawa a wuya ƙashi ne na wata halitta ta Bahar Rum, ja wur, wanda fatake suka riƙa ketowa da shi Sahara ta Tarabulus da Gadamas har Katsina da Kano. Wannan ya riga ya mutu, ba ya neman komai a wurinka sai zare. Wanda kake so kuwa yana da rai. Faifai ne na tsoka mai laushi, ba shi da ƙashi, da baki a tsakiyarsa, yana manne da dutse, ya buɗe kamar laimar kwaɗi. Masu sana'ar suna kiran ire-irensa Discosoma da Rhodactis da Ricordea. Dabba ce, ko da yake ido zai ce fure ne. A cikin tsokarta akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai da ido ba ya gani, ita ce ke sarrafa haske ta samar mata da yawancin abincinta.

Duk mai sayarwa zai ce maka wannan ne mafi sauƙin kiwo cikin dangin murjani, kuma bai yi ƙarya ba. Ba ya son fitila mai ƙarfi, ba ya son ruwa mai gudu, idan ya ji daɗin wuri yakan gusa ya bar ɗan ɓalli a kan dutse, ɓallin ya zama sabo. Amma ka tambayi kanka, sauƙi a gidan wa? Mutanen da ke faɗin haka a waya suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu ɗaya ne dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa, shagon gishiri yana bayan layinsu.

Fara da zafi. Wannan halitta tana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, kullum, shekara da shekaru. Kai ka san bazarar Jibiya. A watan Afrilu zafi kan haura 40, ɗakin kwano ya fi haka, ruwan randa kaɗai ke da sanyi. Da hunturu kuma asubahi sai an hura wuta. Ke nan kana bukatar na'urar sanyaya ruwa a bazara, da ta ɗumama shi a lokacin sanyi. Idan ruwa ya yi zafi, murjani kan fitar da gansakukar nan da ke ciyar da shi, ya koɗe ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu. A teku ma haka ake yi: ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin bazarar da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa. Haka ya faru da babban tsaunin murjani na gaɓar Ostareliya a 1998, da 2016, da 2017, da 2024. Teku da duk faɗinsa bai iya kare su ba, balle lita 100 a ɗakinka.

Sai ruwan kansa, kuma a nan na fi son ka natsu. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Akwatin lita 100 zai ci wajen kilo uku da rabi tun ranar farko. Ba gishirin miya ba, ba na Bilma ba, ba kanwa ba. Wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai ɗauke da sinadarai da yawa. Ruwan da za ka dama shi da shi ma sai an tace shi da na'ura, domin na rijiya da na burtsatse suna zuwa da abin da ba ka gani, kuma ɗan ɓurɓushin tagulla kaɗai yana kashe murjani. Duk mako ɗaya ko biyu za ka kwashe kashi 10 cikin 100 ka zuba sabo. Ga kuma inda na ga mutane da yawa sun yi asara a Jidda: iska tana shanye ruwa ta bar gishiri. In ruwan ya ragu, tataccen ruwan daɗi ake cikewa da shi. Wanda ya ƙara ruwan gishiri ya ninka ɗacin da hannunsa. A busasshiyar iskar hunturunmu, wannan cikon aikin kowace rana ne.

Daga ina kayan za su riƙa zuwa? Teku yana can Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kai ɗan bakin iyaka ne, ka ga yadda hanya ke toshewa ba sallama: an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ka ga motoci jere a iyakar Magama, kaya suna lalacewa a rana. Buhun gero zai jira. Abu mai rai a cikin leda ba zai jira ba. Wuta kuma ba sai na tuna maka ba. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Famfon da ke motsa ruwan akwatin in ya tsaya dare ɗaya a lokacin zafi, da safe wari za ka tarar. Ka kuma san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle. Duk abin da ka tsare a gilashi, cinsa da numfashinsa sun dawo wuyanka.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ɗana. Ruwan da kake da shi na daɗi ne. Ga madatsar Jibiya nan a kan kogin Gada, wanda in ya tsallaka iyaka ake ce masa Gulbin Maraɗi. An gina ta a ƙarshen shekarun 1980, tana iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 140, masunta suna fitar da tarwaɗa da karfasa daga cikinta. Je ka zauna da su da masu kiwo a tamfol da tankin roba. Tarwaɗa ta san zafinmu, tana ɗagowa sama ta shaƙi iska in ruwa ya yi nauyi, cikin wata biyar zuwa shida takan kai kilo guda in abinci ya wadata, kuma tana da mai saye a ko'ina. A wurinta za ka koyi abin da waya ba ta koyarwa: gane lalacewar ruwa daga warinsa da launinsa, rage abinci in kifi ya daina rububi, raba manya da ƙanana don kada su cinye juna, jiƙa sabon kwamin siminti a wanke shi kafin a saka kifi. Ruwan da ka zubar kuma taki ne ga alayyahu da yakuwar bayan gida. In ado kake so, sa ƙananan kifayen ruwan daɗi masu launi a gilashin, ka ga ko za su kai wata daminar a hannunka.

Idan ka yi shekara guda a haka, har yanzu zuciyarka na kan murjani, to ka bi tsari. Sola da batir da na'urar sanyi su riga akwatin shigowa gida. Ka sayi ma'aunin zafi da na gishiri. Ka haɗa ruwa da duwatsu ka bar famfo yana aiki mako huɗu zuwa shida babu komai a ciki, har ƙwayoyin da ke cinye dattin ruwa su kafu. Sannan ka sayi guda ɗaya, mafi araha, Discosoma ja ko shuɗi, wanda aka haifa a akwatin wani, ka ajiye shi can ƙasa inda haske da motsin ruwa suka yi sauƙi. Ka sa safar hannu, kuma kada ka kuskura ka tafasa dutsen teku, don wasu halittun da ke manne da shi suna da dafin da turirinsa kaɗai kan kwantar da mutanen gida.

Amma a bana, ka kai kuɗin nan wajen tamfol da 'ya'yan tarwaɗa. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata mun yi magana.