Daren da na sa ɗoɗɗoya a firji

Sana'ata noman fure ce a bayan garin Jos, ina kuma ɗaura ƙunshin furannin da amare ke riƙewa ranar dina da waɗanda ake jerawa a kan tebura. Duk mai wannan aiki ya san wardi kaɗai ba ya cika ƙunshi, sai an samu ganyen da zai rufe tsakani, ya tallafi manyan furanni. Neman irin wannan ganye mai araha ne ya kai ni ga ɗoɗɗoya. Ba ta miya nake nufi ba, danginta na ado nake nufi, waɗanda ake shukawa don launi da ƙamshi.

Na sayi iri kala biyu. Akwai Dark Opal, mai ganye ruwan makuba, wadda aka fitar a Jami'ar Connecticut ta Amurka, har ta ci lambar yabo ta masu iri a 1962. Akwai kuma mai ƙamshin kirfa, mai jan kara da ƙananan furanni shunayya. Duka biyu sun karɓi ƙasarmu. Da suka kai kamar santimita 20 na tsinke musu kai, suka yi rassa masu tsawo, miƙaƙƙu. Duk wanda ya gifta ta gefen fangalin sai ya tsaya ya ja numfashi.

Sai ga odar biki daga Abuja, mafi girma da na taɓa samu. Uwar amarya ta ce ankon makuba ne da ruwan zinare, na ce mata ta kwantar da hankalinta, ina da abin da ba ta taɓa gani ba. Ana gobe biki muka yanke kaya, muka ɗaura, na ce a kwashe duka a zuba a babban firjin da nake ajiye wardi. Dattijon da ke kula mini da lambu ya tsaya da bokiti a hannu ya ce, "Hajiya, wannan ganyen ba ya son sanyi fa. Ko hunturun bara kin ga yadda na bakin rafi ya yi baƙi." Na ce, "Baba, fure duk fure ne, sanyi ne ke riƙe shi. Ka sa kawai." Bai ƙara magana ba, ya sa.

Gaskiyar Baba ce. Wardi na jure sanyin digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyas, shi ne ma ke hana shi saurin buɗewa. Ɗoɗɗoya kuwa tsiron ƙasashen zafi ce, da zarar ta daɗe a sanyin da ya gaza digiri 10 sai ƙwayoyin ganyen su lalace, ruwan cikinsu ya haɗu da iska ya dafe, kamar yadda gauta ke baƙi in an yanka an bari. Abin da ya fi muni, ɓarnar ba ta gama bayyana sai an fito da ganyen cikin ɗumi.

Da asuba na buɗe firji, na ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefen wasu ganye, kuma ƙamshin ya ragu. Na murza ɗaya a yatsa, ya yi laushi kamar an tsoma shi a ruwan zafi. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Akwai sauran ɗoɗɗoya a lambu, akwai lokacin da zan kwance in sake ɗauri ko da rabin kayan ne. Amma na tuna Baba yana tsaye a bayana, na ji nauyin in ce ya fi ni gaskiya. Na tsince ganyen da suka fi muni, na ce a loda a mota.

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara. Uwar amarya ce, muryarta na rawa: "Baiwar Allah, me na yi miki? Ganyen nan duk ya yi baƙi ya langaɓe, har ya ɓata wa yarinya hannun riga." Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce ai zafin hanya ne, direba ne bai kunna na'urar sanyi ba. Na ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba, har aka riƙe masa kuɗin aikinsa.

Daren nan ban runtsa ba. Washegari na kira uwar amarya na gaya mata yadda aka yi tun daga firji har zuwa ƙaryar da na yi, na mayar mata da kuɗin ganyen, na biya direba haƙƙinsa, na nemi gafararsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya kyauta. Da kin faɗa tun safe, da mun san dabarar yi." Ba ta sake ba ni aiki ba, ban kuma ga laifinta ba. Baba na same shi yana ban ruwa, na ce, "Baba, ka yafe ni." Ya ce, "Ba komai, 'yata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, ki dai gaya wa na baya."

Shi ya sa nake faɗa. Yanzu ba na yanka ɗoɗɗoya sai karanta ya yi ƙwari, ta fara fitar da kan fure, domin ɗanyen toho yana yaushi nan take. Da sassafe ko da yamma liƙis ake yanka, a zage ganyen ƙasa, a tsoma a bokitin ruwa mai tsabta tun a cikin lambu, a bar ta a inuwa wasu awanni ta sha ta ƙoshi kafin a ɗaura. Ɗaki mai iska ya ishe ta. In an yi haka takan yi mako guda ko fiye a cikin ruwa, wani lokaci har ta fitar da saiwa. Kuma duk sabon iri sai na gwada shi a teburina kafin ya shiga kayan mutane.

'Yan'uwana masu sana'ar hannu, in wanda ya daɗe a aiki ya ce ku dakata, ku dakata ku tambaye shi dalili. In kuma kun ga ɓarna tun kaya suna hannunku, ku faɗa wa mai kaya a lokacin, tun gyara yana yiwuwa.