Randar Talaka Da Randar Masana'anta

Dattawan ƙasar Gumel har yanzu ba su manta da duba-gari na zamanin En'e ba. Shi ne ma'aikacin da ya kan bi gida gida, ya buɗe randa ya leƙa, ya duba tulu, sa'an nan ya zaga ya ga makwararar ruwa. In ya tarar da 'ya'yan sauro a randa, ba a raɗa a kan yi maganar ba. A kan kai maigida gaban alƙali a ci shi tara, kafin la'asar kuwa unguwa duk ta ji. Mutane sun ƙi jinin aikin nan a lokacin, amma dalilinsa a fili ya ke, gama sauron da ya ƙyanƙyashe a randar wani ba ya zaɓen gidan da zai kwana. Saboda haka ƙazantar mutum guda ta zama maganar gari duka.

To, yau ga wata randa ta samu wadda ta fi ta talaka girma nesa ba kusa ba, watau masana'anta. Ita ma tana da masu duba ta, ma'aikatan Gwamnati, su kan auna ruwan da ta ke zubarwa da hayaƙin da ta ke fitarwa, su rubuta. Sai dai abin da suka rubuta ya kan kwana a akwatin ofis, maƙwabcin masana'anta kuwa ba safai ya kan sa shi a ido ba.

A da hanci ya isa ya yi wa mutum gargaɗi. Majemi na gargajiya da bagaruwa da toka ya ke aiki, kowa ya san abin da ya ke zubarwa, wanda wari ya dama kuwa sai ya kauce. Majemun zamani da ke Kano, a Challawa da Sharaɗa da Bompai, da wani sinadari su ke jima mai suna kuromiyam, wanda hanci ba ya jinsa, kuma ba ya ruɓewa a ƙasa yadda bagaruwa ta ke yi. Shekara da shekaru ruwan Bompai yana gangarawa cikin Getsi da Jakara har madatsar Wasai, ana ban ruwan lambuna da shi a hanya. Na Challawa da Sharaɗa kuma ya kan faɗa Kogin Challawa, ya gamu da Kogin Kano, ya wuce Wudil, ya shiga Jihar Jigawa da sunan Kogin Haɗejiya. Malaman jami'a sun sha auna ruwan nan suna rubutawa da Turanci, mai lambu da masunci kuwa ba su san abin da aka samu ba.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Gumel da wannan, tun da ba babban kogin da ya ratsa ta? Ai nan ne maganar ta fi nauyi. Mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ruwan ƙarƙashin ƙasa su ke sha, daga rijiya da rijiyar burtsatse, shi kuma su ke ba dabbobinsu. Ƙasarsu jigawa ce mai rairayi, abin da aka zuba a sama ba shi da wuyar tsatsafowa ƙasa. Kogi in ya ɓaci damina ta kan taimaka ta wanke shi, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya ɓaci sai a yi shekaru bai gyaru ba. Ga shi kuwa an daɗe ana kiran masu masana'antu su zo. A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wani fili a Maigatari, bakin iyaka da Nijar, domin masu sarrafa kayan da za a fitar waje. Daga baya kuma Gwamnatin Jiha ta ba kamfanin Lee fili mai hekta 12,000 a wajajen Gagarawa domin noman rake da yin sukari, har manoma suka yi ta ƙorafi a kan gonakinsu a 2017. Wancan ƙorafi na fili ne. Maganar ruwa kuwa ta kowace masana'anta ce da za ta tsaya a ƙasar, ko ta wane ne, kuma tun ran gini ran zane.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, Nijeriya kuwa ta ga gaskiyar wannan. A 1988 aka gane cewa wasu 'yan kasuwa daga Italiya sun jibge dubban gangunan guba a wani fili a garin Koko, wanda ya ke cikin Jihar Delta yanzu, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Labarin kuwa ya fito ne daga ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya, waɗanda suka rubuto wa jaridu. A 2010 kuma yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da a ke niƙawa a tsakar gida. Iyayen nan da hannunsu suka shigo da ita, gama ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙurar dafi ce.

Wasu ƙasashe sun koyi darasi daga irin wannan masifa. A watan Disamba na 1984 iska mai guba ta tsere da dare daga wata masana'antar maganin ƙwari a birnin Bofal na ƙasar Indiya, ta kashe dubban mutane a makwancinsu. Da Amurkawa suka ga haka, kamfanin kuwa nasu ne, sai suka yi doka a 1986. Dokar ta ce kowace shekara manyan masana'antu su rubuta wa Gwamnati nauyin kowace guba da suka saki a iska, da wadda suka zuba a ruwa, da wadda suka binne a ƙasa, Gwamnati kuma ta tara ta buga kowa ya gani. Dokar nan ba ta ce kowa ya rage kome ba. Amma da sunaye suka fara fitowa a jaridu, kamfanoni da yawa suka rage da kansu, don ba mai son a ce shi ne ya fi kowa ƙazanta a garinsu.

Nijeriya ma ba ta rasa dokoki ba. Dokar 1992 ta ce kafin a kafa babban aiki sai an bincika abin da zai yi wa ƙasa da ruwa da iska, a kan kuma ajiye rahoton kwana 21 na aiki jama'a su duba, su faɗi ra'ayinsu. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin ta tilasta bin ƙa'idodin muhalli. A 2011 kuma aka yi Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta ce kowa na iya neman takardar da ke hannun ofishin Gwamnati ba sai ya faɗi dalili ba, a kuma ba shi amsa cikin kwana 7. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema masa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Duk da haka da sauran tafiya. Rahoto mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin masana, a bisa teburin sakatariya, bai kai ga manomin Sule Tankarkar ba ko da ƙofar a buɗe ta ke. Kuma wanda bai san akwai takarda ba, yaya zai nemi ta?

Abin da ya kamata ba shi da wuya. Da fari, a auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye tun kafin masana'anta ta fara aiki, don a sami abin gwadawa daga baya. Sa'an nan kowace shekara a sake aunawa, a rubuta sakamakon a takarda guda da Hausa, boko da ajami: ga abin da aka zubar, ga yawansa, ga iyakar da doka ta yarda. A manna ta a ƙofar hakimi da ta dagaci, a karanta ta a rediyo, a yi shelarta a kasuwar Maigatari ran Alhamis, inda mutanen Nijar ma za su ji, gama ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyaka ba.

Wasu za su ce talaka ba zai gane lissafin ba. Amma mutumin da ya ke ƙidaya buhunan riɗi, ya juya naira zuwa sefa da ka a tsakiyar kasuwa, ba zai kasa gane cewa bara an sami biyu, bana an sami biyar ba. Wasu kuma za su ce wannan zai kori masu kuɗi. Mai masana'anta mai gaskiya shi ne zai fi kowa riba, domin ran da shanu suka mutu kusa da katangarsa, takardar nan ce za ta wanke shi daga zargi. Ƙasar Gumel tana bukatar masana'antu, samarinta suna bukatar aiki. Sai dai a tambayi baƙo abin da ya ke ɗauke da shi tun yana bakin ƙofa, kafin a shimfiɗa masa tabarma kusa da rijiya.