Me Ya Ɓace Muku? Tattakin Kaka a Jigayin Jahun

Ran Asabar ta biyu da fara tattakinmu, wani dattijo da ke ɗaure damin gero a bakin hanya ya miƙe tsaye, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mu takwas ne, kowa da gorar ruwa da takalmin kambas. Bayan ya amsa sallama sai ya ce, "Samari, me ya ɓace muku?" Muka ce babu kome, Baba. Ya ce, "To mota ce ta lalace?" Muka ce a'a, tafiya kawai muke yi. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe," ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Ban ga laifinsa ba. A ƙasarmu ƙafa ba ta fita sai da dalili: gona, kasuwa, ta'aziyya, biki, ko cigiyar akuya. Wanda kuwa aka gani yana ratsa daji da sassafe ba da kaya ba, ba da saƙo ba, to mutane suna da sunaye biyu da suke ajiye masa, kuma babu na yabo a cikinsu. Ga shi wanda ya yi tambayar ya taka sayyadarsa tun Asuba zuwa gona don dole, mu kuwa mun ajiye babura a gida mun fito neman gajiya da gangan.

Wani abokinmu ne ya kawo shawarar. A Jos ya yi bautar ƙasa, inda ya saba bin masu hawan duwatsun Shere a ƙarshen mako, ya dawo da labarin har ya ishe mu. Wani kuma likita ya ce masa jininsa ya fara hawa. Ni nawa dalilin shi ne zama: aikin jarida a yanzu rabinsa a kan kujera ake yin sa, waya a kunne. Ba mu da suna, ba mu da rajista, sai zauren WhatsApp da alkawarin haɗuwa bayan sallar Asuba kowace Asabar, daga ɗaukewar ruwa har sanyi ya kankama.

Matsala ta farko ita ce Jahun ba ta da dutsen hawa. Mai son dutse sai ya nufi Dutse, ko Birnin Kudu inda mutanen da suka bar zane a jikin duwatsu. Abin da Allah Ya ba mu shi ne jigawa, wato tudun yashi, kalmar da jihar ta samo sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Na girma ina hawa da sauka a kan jigayin nan ban taɓa tambayar daga ina suka zo ba, sai da na fara bin su da ƙafa na lura ba a warwatse suke ba. Dogaye ne, a jere, duk sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, tsakanin kowane biyu akwai kwari. Masana ƙasa sun ce ragowar hamada ne. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, yankinmu ya bushe ƙwarai, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta tara yashi layi-layi. Da ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka kama yashin suka tsayar da shi. Iskar da ta yi wannan aiki ita ce dai wadda muke kira hunturu, kuma har yau daga wannan kusurwa take busowa, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Wannan shimfiɗa ce ta tsara rayuwar yankin baki ɗaya. Gero, gyaɗa da riɗi a kan tudu. Shinkafa, rake da kayan lambu a kwari. Kogin Hadejia ma, da ya baro ƙasar Kano ya shigo cikin jigayin, sai ya rasa hanya guda madaidaiciya, ya rarrabu yana bin kwaruruwa, ya bazu ya zama fadamun da suka kai har Nguru. Wanda ya yi tafiya ta ƙetare jigayin, maimakon ya bi tsawonsu, zai ji wannan bayani a ƙwaurinsa. Ba su da tsayin a zo a gani, amma hawa biyar a cikin yashi mai zurma ƙafa ya isa ya rufe bakin mai cika baki. Mutumin Jos ɗin namu shi ya fara neman inuwa.

Me ya sa kaka? Domin ita kaɗai ce ta yarda. Da damina kwaruruwa cike suke da ruwa, kowace hanya ta zama gona. Da bazara rana takan haura digiri 40, tafiya ta zama ganganci. Da hunturu hazo yakan rufe ido, mutum ya hau tudu bai ga kome ba. Tsakanin Oktoba da ƙarshen Nuwamba kuwa sararin sama a wanke yake, safiya da ɗan sanyi, ƙasa ta tsane amma ba ta ƙone ba. Shamuwa ta haɗa kayanta ta yi kudu. Gawo, wanda ya kwashe damina tsirara kamar busasshe, yanzu ne yake fitar da sabon ganye alhali sauran itatuwa na shirin zubar da nasu; shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa shuka rana, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. Ta ko'ina ƙarar sussuka ce da ƙanshin sabon gero. Kakar ma tana da nata haraji: ƙarangiya takan mamaye wando har gwiwa, kuma lokaci ne da kububuwa ke fakewa ƙarƙashin dami da tarin kara. Tun fitar farko muka hana zuwa da silifas.

Sau ɗaya a kaka mukan haɗa kuɗin mota mu je Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda ta shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. A can ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha suke sauka bayan sun ƙetare Sahara, su gauraya da 'yan gida irin su kirinjijiya, ɗinya da zalɓe. Abin kallo ne, amma masunta ba zancen tsuntsu suke yi ba, zancen kacala suke yi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da fadama ta dogara da ita ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin yanayin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki mai cinye hatsi, kuma in babban ruwa ya zo, kamar na 2022, sai ya rasa mabi ya faɗa gonaki da gidaje.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba tsuntsu ba ne. Wata Asabar na ga riɗi an yanke an jingina shi tsaye, tari-tari, rana tana fitowa ta bayansa. Na sauka daga hanya na shiga gonar ina ɗaukar hoto. Ban ankara ba sai ga mai gonar da 'ya'yansa biyu, lauje a hannu, ba sallama. Ya ce, "Wa ya aiko ku?" Na fara bayanin motsa jini, na ji da kunnena yadda maganar ba ta da kan gado. Allah Ya taimake mu akwai malamin makaranta a cikinmu, ɗaya daga cikin yaran ya gane shi. Da ƙura ta lafa, dattijon ya gaya mana cewa makonni biyu ke nan a gonar yake kwana. Riɗi in ya bushe, ɓarawo ba ya bukatar ɗaukar dami. Leda zai shimfiɗa da dare, ya kaɗe, ya bar maka kara tsaye kamar ba a taɓa ba. Kuma masu yin haka sukan fara zuwa da rana su duba. Ban da wannan, ya ce, an taɓa zuwa da wayoyi ana ɗaukar hoton gonakin wani ƙauye kusa da su, daga baya aka ce wa masu su an ba wani filin. Na goge hotunan a gabansa. Kunya ta kama ni, domin ni da nake taƙama ɗan gari ne na shiga dukiyar mutum ta shekara guda ina ganin ta a matsayin abin sha'awa.

Daga ranar muka kafa ƙa'ida: a sanar da mai unguwa tun ana gobe, ba hoto sai da izini, ba sauka daga hanya. Muka kuma yanke shawarar bin burtali, tunda shi ba gonar kowa ba ne.

Burtali, ga wanda ya tashi a birni, hanya ce da aka ware wa shanu tsakanin gonaki, daga makiyaya zuwa mashaya. A da akan shinge shi, kowa ya san iyakarsa. Wanda muka bi ya fara da faɗin taku goma sha biyar nawa. Bayan tafiyar rabin sa'a na sake aunawa, bakwai. Can gaba ya koma uku, dawa ta kan dama, wake ta kan hagu, har ganye na shafar kafaɗa. Daga nan sai ya ƙare ɗungurungum a bakin wata gonar shinkafa, ruwan da ya kamata ya kai mu gare shi yana ƙyalli a hango. A nan muka tarar da wani makiyayi tsaye, ya tokare da sanda, shanunsa a bayansa. Na ce, "Baffa, ta ina za ku bi?" Ya ce, "Abin da nake tambayar kaina ke nan tun jiya."

Na sha rubuta labarin rikicin manoma da makiyaya. Ina zaune a ofis nakan kira wannan ɓangare, na kira wancan, na kira 'yan sanda, na rubuta adadin waɗanda suka jikkata. Na san yawanci da kaka ake yin sa, amma ban taɓa tsayawa a wurin da yake farowa ba. Lissafin a bayyane yake: ciyawar arewa ta fara bushewa, garkuna daga Nijar da kan iyaka suna gangarowa fadama, alhali dawa da wake ba su bar gona ba. A da akwai ciniki tsakaninsu, manomi ya bar kara, shanu su ci su bar masa taki. Yau kara da harawa kuɗi ne, ana ɗaure su a kai kasuwa, fadamar da shanu ke cin rani a cikinta kuma ta zama gonar noman rani. Dokoki suna nan a takarda: dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965, da yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya. Sai dai saniya ba ta bin takarda, taku uku kuma ba ya ɗaukar garke. Ba ina wanke kowa ba ne. Na ga gonar da aka tura wa shanu da gangan da dare, na ga hawayen mai ita. Abin da nake faɗa shi ne, tun kafin a zare sanda, an riga an cinye hanya kunya-kunya, shekara da shekaru, ba wanda ya kira ɗan jarida.

A Ingila, masu tattaki sai da suka yi gangamin kutsawa tudun Kinder Scout a 1932, aka ɗaure wasu daga cikinsu, kuma sai a shekarar 2000 doka ta buɗe wa jama'a irin waɗannan filaye. Mu ba mu taɓa bukatar haka ba, don a al'adarmu hanya ta kowa ce, sallama ce kuɗin shiga. Shi ya sa ba wanda ya ga bukatar tsaron ta.

Da na koma gida ran nan wani abu ya tsaya mini a rai. Gonar gidanmu ta gado tana bakin wani burtali ne. Ina yaro akwai kututturen aduwa da ke nuna iyaka, mukan ɗaure jaki a jikinsa. Da yamma na hau babur na je. Kututturen yana nan, amma yanzu a cikin gonarmu yake, na ƙirga kunya shida tsakaninsa da inda shukarmu ta tsaya.

Na sami yayana, wanda shi ke noma gonar, kuma daga cikinta ake aiko mini da buhun gero kowace shekara. Na ce, "Yaya, kututturen nan fa?" Bai musa ba. Ya ce na ƙetaren ne ya fara matsowa, in ya bar wurin wancan zai haɗa da shi. Ya ce, "Kai da kake da albashi, kunya shida ba kome ba ce a wurinka. Bakin da nake ciyarwa goma sha ɗaya ne." Ban sami amsar da zan ba shi ba. Na ce zan ɗauki asarar daga cikin buhuna, in ya yarda mu je wurin mai unguwa tare da na ƙetaren kafin shuka ta baɗi. Ya ce zai yi tunani, ya tambaye ni ko har yanzu muna wannan yawon namu.

Muna yi. Asabar mai zuwa ta wannan burtalin za mu bi, kuma na roƙi Yaya ya fito ya tare mu a wajen kututturen.