Kasuwar Masu Gadin Kwamfuta a San Faransisko

Ginin taro na Moscone yana tsakiyar birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma manyan zaurukansa a ƙarƙashin ƙasa suke. A nan ake yin taron RSA na masana tsaron intanet, wanda ya samo asali tun 1991. Na halarci na shekarar 2025 da aka buɗe ranar 28 ga Afrilu, inda mahalarta suka haura 40,000.

Zauren baje kolin sai wanda ya gani. Rumfuna a jere, kowacce da ƙaton allo, matasa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da 'yar na'ura suna haska katin da ke rataye a wuyan baƙo, su miƙa masa riga ko safa kyauta, daga baya saƙonnin talla su yi ta bin sa. Hajar da ta fi ɗaukar hankalina ba ta ɗaukuwa a hannu, domin gadi ake sayarwa. Sana'ar suna kiranta MDR. Ma'aikata za ta biya kuɗin shekara, a dasa manhaja a kwamfutocinta, ƙwararru da ke zaune a wata cibiya mai nisa su zuba ido dare da rana, da zarar sun ga alamar kutse su tare shi.

Lissafi ne ya haifi wannan kasuwa. Mako guda sa'o'i 168 ne, ma'aikaci kuwa 40 yake yi. Kafin a rufe kujera ɗaya tak ba dare ba rana, sai an ɗauki mutum biyar idan an cire hutu da jinya. Ƙaramin asibiti ko makaranta ina za su samu kuɗin ƙwararru biyar? Masu kutse kuma sun san haka, shi ya sa suke son daren Juma'a da ranakun hutu.

A wata rumfa na tsaya kallon wata matashiya tana nuna yadda aikin ke gudana. A allonta, an shiga asusun wani ma'aikaci daga Amurka, bayan 'yan mintuna an sake shiga daga wata nahiya, tafiyar da ko jirgi ba zai iya ba. Can sai kwamfutarsa ta fara ƙwanƙwasa sauran kwamfutocin ofishin ɗaya bayan ɗaya. Ta danna maɓalli, kwamfutar ta yanke daga sauran, ta rufe asusun, sannan ta nuna saƙon da za a tura wa mai kamfani. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ce shi ke kula da kwamfutocin wani asibiti, ya tambaye ta: idan na'urar da za a yanke ita ce ke riƙe da bayanan marasa lafiya, wa ya ba ta iznin yankewa? Ta amsa cewa sai abin da aka rubuta a yarjejeniya. Wasu abokan ciniki suna ba da wuƙa da nama, wasu kuma sun ce a buga musu waya kawai.

Gasar ta yi zafi. Ga CrowdStrike da Arctic Wolf da Expel da Huntress na Amurka, ga eSentire na Kanada, ga Sophos na Ingila. Wasu sai da manhajarsu za su yi maka aiki, wasu kuma suna karɓar duk wadda suka tarar. Kusan kowa yana tallar ƙirƙirarriyar basira. Manya kuma sai sayen ƙanana suke yi: Google ya sayi Mandiant a 2022 kan dala biliyan 5.4, Sophos ya kammala sayen Secureworks a Fabrairun 2025 kan kimanin dala miliyan 859, bayan taron da 'yan makonni kuma Zscaler ya sanar da sayen Red Canary. Mutum zai ƙulla amana da kamfani ɗaya, ya wayi gari sirrinsa yana hannun wani.

Abin da na fi yin tunani a kansa shi ne abin da allunan talla ba sa nunawa. A ƙarshen 2013 an sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga shagunan Target. Mujallar Bloomberg Businessweek ta ruwaito cewa masu sa ido a Bangalore ta Indiya sun ga gargaɗin, sun sanar da hedikwatar kamfanin a Minneapolis, amma ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Maigadi ya yi ihu, masu gida ba su tashi ba.

Akwai kuma haɗarin da ke shigowa ta ƙofar wanda aka amince wa. Ranar Juma'a 2 ga Yulin 2021, gab da hutun ranar 'yancin Amurka, 'yan ƙungiyar REvil sun bi ta manhajar Kaseya da kamfanonin kula da kwamfutocin wasu ke amfani da ita, suka kulle bayanai suna neman kuɗin fansa. Abin ya taɓa ma'aikatu har kusan 1,500, Coop ta Suwidin ta rufe shaguna kimanin 800. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa babu ɗan kutse ko ɗaya: gyaran manhaja ne mai kuskure daga CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka fasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata.

Duk da haka, ban bar San Faransisko ina ƙyamar sana'ar ba. Ga ƙaramar ma'aikata, hayar ƙwararru ta fi zaman babu mai duba komai nesa ba kusa ba. Sai dai aikin sa ido ake bayarwa haya, alhaki yana nan a wuyan mai ma'aikata. Kafin ya sa hannu, wajibi ne ya san inda bayanansa za su zauna, da abin da aka yarda kamfanin ya kashe ba tare da tambaya ba, da yadda zai fita idan an sayar da kamfanin. Sannan ya ware mutum daga cikin ma'aikatansa wanda zai ɗaga waya ƙarfe uku na dare, ya kuma ba shi ikon yanke hukunci nan take.