Jingar mai buɗe akwatin ƙarfe

A ƙarshen shekara ta 2004, babu zancen da ya cika kasuwannin ƙasar Matameye kamar zancen canjin kuɗi. Babban bankin ƙasashen Afirka ta yamma, wato BCEAO, ya ba da wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba, cewa duk mai riƙe da takardun sefa samfurin 1992 ya kai a musanya masa da sababbi. Takardar jika goma, da ta jika biyar, da ta jika biyu da rabi, da ta jika guda, da ta dala ɗari, duk wa'adin ya hau kansu. An ɗauki matakin ne bayan fashin da aka yi wa rassan bankin a Kwaddibuwa, musamman na Buwake a 2003. Daga baya an ɗan ƙara lokaci a farkon 2005, amma a watan Disamba babu talakan da ya san za a ƙara.

Ana cikin wannan hali ne Allah ya yi wa ma'ajin wata ƙungiyar manoma ta Icirnawa rasuwa. Ciwo ya kama shi, aka yi ta yawon magani da shi, ya cika a hanya. Da aka share makoki aka nemi mabuɗin akwatin ƙungiya, sai aka rasa. Akwatin kuwa tsoho ne, ƙirar Faransa, mai tambarin Fichet, irin waɗanda suka shigo ƙasar a zamanin cinikin gyaɗa, kafin fari da cutar shuka na shekarun 1970 su karya wannan kasuwa. Ƙarti shida ba sa ɗaga shi. A cikinsa akwai kuɗin da ƴan ƙungiya suka tara don sayen hatsin ajiya, a shekarar da damina ta yanke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a arewa. Kwana goma sha biyu suka rage takardun su zama ganye.

Ba kuɗi kaɗai ke kulle a akwatin ba, har da mutuncin mamaci. Tun kafin sadakar bakwai aka fara raɗe-raɗi cewa babu kome a ciki, wai iyalinsa ne suka ɓoye mabuɗi don kada asiri ya tonu. Matarsa tana cikin takaba, ba ta fita, amma magana ba ta neman izini kafin ta tsallaka danga.

Mutum na farko da aka kira mai walda ne. Ya zagaya akwatin ya ce jika goma sha biyar, zai yanke bayansa da wuta kafin la'asar. Saura kaɗan a sallama, sai wani dattijo ya tambaya: wutar da ke narka ƙarfe, me za ta yi wa takarda? In kuɗin suka ƙone, asara ɗaya ce. In littafin lissafi ya ƙone, har abada babu mai iya cewa ga abin da marigayi ya bari. Nan aka tuna cewa araha ba ta ado, aka aika Damagaram a ɗauko wani tsoho mai gyaran makullai.

Tsohon ya iso da yaronsa da ƴar jakar fata. Bai taɓa akwatin ba sai da ya yi tambaya uku. Na wane ne? Wa ya ba da izinin buɗewa? Su wa za su tsaya shaida? Sai da aka zo da maigari da liman da ƙanen marigayi, sannan ya durƙusa ya haska tocila cikin kafar mabuɗi. Ya daɗe yana dubawa, kana ya miƙe ya faɗi jingarsa dalla-dalla. Kuɗin mota da abinci, shi da yaro, jika goma, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. In aikin ya kai ga huda ƙofa, jika hamsin, a ciki har da tsinken huda da zai ci, amma gyaran ƙofar daban. In kuwa ya buɗe da hannu ba tare da ya yi wa akwatin rauni ba, ya kuma ƙera sabon mabuɗi, jika sittin. In ya kasa, ba ya bin kowa ko dala.

Mai karatu zai lura cewa aikin da ba ya cin kayan aiki shi ya fi tsada. Dalili yana cikin ƙirar akwatin. Makullin irin wannan yana da ƴan siraran ƙarafa jere kamar shafukan littafi, kowane sai an ɗaga shi daidai gwargwadonsa kafin sakata ta ja baya. Mai buɗewa da hannu yana lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya da waya mai lanƙwasa, ba ya gani, sai dai ya ji a yatsunsa. Akwatunan da ake murɗa wa lamba su ma haka ne: faifai uku masu lamba ɗari-ɗari suna ba da haɗi miliyan guda a lissafi, gwani kuwa yana rage su ta hanyar sauraron motsin ƙarfe. Huda ta fi sauri, amma maƙera akwatin sun san da zuwanta. Sukan sa faranti mai tauri a gaban makulli don ya cinye tsinke, wasu kuma sukan ɗana sakatar ɓoye wadda ke faɗawa da zarar an doki ƙofa ko an huda inda bai dace ba. Shi ya sa a ko'ina cikin duniya masu wannan sana'a ke duba abubuwa guda biyar kafin su yanke farashi: irin makullin, da ƙarfin ƙofar, da abin da ya hana ta buɗuwa, da nisan tafiya, da halin da za a bar akwatin bayan an gama. Akwatin da wani ya riga ya taɓa da guduma yakan fi kowane tsada.

Shugaban ƙungiya ya ji jika sittin ta yi masa nauyi, ga shi aljihun kowa a bushe. Sai ya kawo shawarar da yake gani adalci ce.

"Baba, mu yi haka mana. Duk abin da aka samu a ciki, ka ɗauki kashi ɗaya cikin goma."

"Albarka, Alhaji," in ji tsohon. "Ƙofa aka kira ni in buɗe, ƙofa nake yi wa kuɗi. Abin da ke bayanta ba nawa ba ne, ba na ma son in san shi."

Wannan amsa ita ce gishirin sana'ar. Da ya karɓi kashi, da an yi cinikin biri a sama: in akwatin cike yake, an cuci ƙungiya, in wayam ne, an cuce shi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sharɗanta cewa lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki, ko da irin aikin nan ne da ba a biya sai an ci nasara. Bayan wannan akwai abin da ya fi. Mai kashi dole ya tsaya a ƙirga a gabansa, ya zama ya san dukiyar mutane. Wanda ya iya buɗe akwati, ya kuma san abin da ke ciki, shi za a fara nuna wa yatsa ranar da aka yi sata. Sannan da akwatin zai fito babu kome, da shi ma ya shiga sahun masu jin haushin mamaci. Jingar da ya yanke tun ƙofa tana rufe ita ta raba shi da rigimar gari.

Gardama kan ladan mai buɗe makulli ba a Icirnawa ta fara ba. A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe makullin kamfanin Bramah wanda ya shekara da shekaru yana gagarar gwanaye. Ya ɗauki awa 51 cikin kwana 16. Ladan da aka yi alkawari tsabar zinariya 200 ce, irin wadda ake kira gini, sunan da ta samo daga gaɓar Afirka ta yamma inda ake kawo zinariyar. Shi ma sai da aka yi ja-in-ja kafin a biya shi.

Tsohon Damagaram bai kai haka ba. Ya fara da hantsi, ya tashi ya yi azahar, ya koma. Dab da la'asar aka ji wani ɗan ƙara kamar an karya tsinke. Ya murɗa hannun ƙofa har ta saki, amma bai ja ta ba. Ya tattara wayoyinsa, ya ce wa maigari: "Ranka ya daɗe, nawa ya ƙare, saura naku." Ya fita ya zauna gindin bedi, ya ba ɗakin baya.

Liman ya ja ƙofa. Aka tarar da kuɗi ɗauri-ɗauri, kowane da ƴar takarda mai sunan unguwar da ta tara shi, ga littafi a sama. Aka ƙirga sau biyu, aka gwada da littafi, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Ƙanen marigayi bai ce uffan ba, ya tashi ya nufi gidan takaba.

Duk da haka, da aka zo biya sai da wani ya yi gunaguni, wai jika sittin a wuni guda, kuɗin buhunan hatsi, alhali ko gumi tsohon bai yi ba. Da ya kwana uku yana dukan ƙarfe ya bar musu akwati a fashe, da mai gunagunin ya biya da daɗin rai. Haka ido yake, yana ganin wahala, ba ya ganin gwaninta. Tsohon bai tanka ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a raba sababbin mabuɗai biyu da ya ƙera, kada su sake kwana a aljihu ɗaya.

Washegari aka kai kuɗin Damagaram aka musanya, aka sayi gero tun farashi bai yi tashin gwauron zabo ba. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihohin Damagaram da Maraɗi ya san abin da rumbun ƙungiya ya tsare a wannan damina. Irin wannan gudun wa'adi ya sake faɗa wa mutanen kan iyaka a farkon 2023, lokacin canjin naira, kuma har yau akwai ƙungiyoyi da makarantu da dukiyarsu ke rataye a wuyan mutum ɗaya.

Da tsohon zai hau mota, wata yarinya ta zo da ƙwarya rufe da faifai, ta durƙusa ta ce: "Baba, in ji Inna, a ba ka." Gyaɗa ce, tiya guda. Wannan kam ya karɓa da hannu biyu, domin ba daga cikin akwatin ta fito ba.